Kwana-Biyu Ta Kumbura

Litinin, 3 ga Maris

Ƙanwata 'Yar Sharhi,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikin naki. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da gwiwarta, yau ta sha magani gobe ta ce likitan bai san komai ba. Ta ce in tuna miki cewa ita da babanki kaka ɗaya suka haɗa, don haka ba ki da hujjar yin shekara uku ba a ga ƙeyarki ba. Ni bayana ne ke ɗan taɓa ni, saboda sunkuyo a teburin gyara.

Na san za ki yi dariya, mai gyaran waya ya rubuta wa mai sharhin waya wasiƙa a takarda ya ba Dogo direba. Yi dariyarki. Shekara goma sha huɗu ina buɗe wayoyin mutane, na ga irin abin da ke fita daga cikinsu, shi ya sa maganar da ta dame ni ba na sa ta a waya.

Kin tuna wayar nan mai shuɗin baya da kika yaba wata biyar da suka wuce, kika ce batirinta yana kwana biyu ba caji? A layinmu ba mai kiran ta da sunan kamfaninta, Kwana-Biyu ake ce mata. Ni na jawo. Na buga sharhin naki na liƙa a bango, duk wanda ya zo neman shawara in nuna masa in ce ƙanwata ce ta rubuta, ba ta ƙarya. Masu sayar da waya uku da ke jere da ni sun sayar da ita ba adadi.

To daga farkon watan jiya zuwa yau guda goma sha ɗaya aka kawo mini, duk ciwo ɗaya. Murfin baya ya ɗaga, gam ya saki, in na buɗe sai in ga batir ya kumbura kamar matashin kai. Da farko na ɗora wa caja laifi, kin dai san mutanenmu da cajar arha. Sai wani malamin makaranta ya zo da tasa har da cajar kwalinta, ya ce, "Mai gyara, kada ma ka fara, da wannan nake caji tun ranar da na saya." Abin da na lura, duk sha ɗayan sun karɓi sabuntawar manhajar nan ta watan Janairu, wadda aka ce tana ƙara saurin caji. Guda biyu da na gani ba su karɓa ba, lafiyarsu lau. Na ɗora hannu a bayan wata tana caji, wallahi sai da na janye.

Batiran suna cikin bokitin yashi a bayan shago, kowanne na rubuta masa ranar da ya zo. Na kuma yi rubutu a kwali na rataya a ƙofa: duk mai Kwana-Biyu kada ya bar ta a caji ya tafi, kada ya ɗora ta a kan katifa ko tufafi. Iyakar abin da zan iya ke nan, don muryata ba ta wuce layin nan. Ke kuwa dubban mutane ke karanta ki. Me ake cewa a can wajenku?

Yayanki,
mai gyara

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya,

Na amsa sallama, ina gaida kowa. Dogo ya kawo takardar har ƙofar ofis, mai gadi ya hawo da ita da hannu biyu kamar sammaci. Lafiyata ƙalau, sai idanu da ke yaji saboda kallon sikirin. Ka ce wa Inna na ji, kuma in ta ci gaba da raina likita zan haɗa ta da Baba.

Maganarka ta hana ni sakat. Bari in gaya maka yadda aikin namu yake, don na ga alamar kana zaton wayar ta daɗe a hannuna. Kwana goma ta yi. Kamfani ke aiko mana da waya kafin ta shiga kasuwa, mu sa hannu cewa ba za mu ce uffan ba sai ranar da suka tsayar, mu gwada kyamara, mu kunna bidiyo har batir ya mutu, mu rubuta, mu mayar musu da abinsu. Abin da na rubuta gaskiya ne a kwana goman nan. Abin da waya ke zama a wata na huɗu kuwa, ba ɗayanmu da ke gani, don lokacin mun riga mun gwada wasu takwas mun mayar. Irinku ne kuke gani.

Sabuntawar Janairu ni ma na ba da labarinta, layi biyar, kuma daga sanarwarsu na ɗauko. Yanzu kamfanoni gasar minti suke yi, wannan ya ce minti arba'in ta cika, wancan ya ce talatin da biyar. Batirin yana nan yadda aka ƙera shi, umarnin da manhaja ke ba shi ne aka canza. In zatonka daidai ne, wuta suke tura masa wadda ta fi ƙarfinsa.

Amma zato ba ya shiga shafi. Kamfanin nan shi ke da tallar da ke saman shafinmu, kuma ranar ashirin ga wata zai fito da sabuwar waya, har an gayyace ni. In na je wa Edita da "Yayana ya ce", zai tambaye ni ko Yayan nawa injiniya ne. Saboda haka ka aiko mini da lambar jikin kowace waya, da lambar manhajar da ke kanta, da ranar saye, da ranar da ta kumbura, sannan hoton kowane batir kusa da rula. Kuma don Allah ka riƙe maganar tsakaninmu tukuna, kada ta fita sai na tabbatar.

Ka sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun teburin nan ya ɗaga, ka huta da sunkuyo.

Ƙanwarka

Alhamis, 13 ga Maris

'Yar Sharhi,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Inna ta ce ki haɗa ta da duk wanda kika ga dama. Bulon ya yi amfani, na gode.

Ga jerin a takarda ta biyu, ga hotuna. Sun zama goma sha bakwai. Kwana uku na yi ina bin mutane gida-gida don lambobin, wani ma ya zaci kamfani ne ya aiko ni da kyauta, ya yi ta kiran matarsa ta kawo kujera.

Na yi yadda kika ce. Na sauke kwalin ƙofa, na kame bakina. Wanda tasa ta kumbura ina canza masa batir ya tafi, ban ƙara ce wa kowa ciwon na wayar ne gaba ɗaya ba. Maƙwabcina mai sayarwa ya leƙo ya ce, "A'a, ina allon wa'azin naka?" Na ce an ce a dakata. Ya ce, "Yauwa, ashe akwai mai hankali a danginku."

Ba zan ɓoye miki ba, raina bai so ba. Jiya Uwar Zare ta shigo, mai ɗinkin nan da shagonta ke kallon nawa, wadda ke ɗinka wa Inna riguna tun ina ɗan koyo. Ta yi mako uku wajen 'yarta da ta haihu, ba ta ga kwalin ba sam. Gilashin kariya ta zo in sa wa tata Kwana-Biyun. Na juya wayar, na shafa bayanta, lafiya lau, ba alamar ɗagawa. Na sa mata gilashin na miƙa mata. Ta ce, "Yau ba surutu, mai gyara?" Na ce kaina ke ciwo.

Ke kika san aikinku, kuma ba ni zan ɓata miki shi ba. Amma ki gaya mini ranar da zan mayar da kwalin, kada ta yi nisa.

Yayanki

Asabar, 29 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kai da Inna kuna lafiya. Ni mura ce ta ɗan kama ni, ta sake ni.

Kwana ashirin ke nan da na rubuto maka, ban ga komai ba. Na kira ka sau biyu, duk ka ce, "Na aiko, tana hanya, ba maganar waya ba ce," ka katse. Wace irin hanya ce wannan? In fushi ka yi don na ce Edita zai tambaya ko kai injiniya ne, haba Yaya, bakinsa na ara, ba nawa ba ne. In kuma aikin lambobin ne ya yi maka yawa, ka faɗa mini kawai.

Na je taron sabuwar wayar. Babban ɗaki, fitilu, hayaƙin ado, wani mai kwat yana ta zagaya dandamali yana cewa minti ashirin da takwas. Kowa ya tafa, har da ni, don wadda ke zaune kusa da ni tana kallona. Da aka tashi na ja jami'ar yaɗa labaransu gefe na tambaye ta ko sun ji ƙorafin batir a kan tsohuwar. Ta yi murmushi ta ce, "Ko rahoto ɗaya ba mu samu ba. Wa ya gaya miki?" Na ce jita-jita ce. Ta ce, "Ai kin san masu gyaran gefen titi da batirin jabu." Na haɗiye wannan saboda hannuna ba komai.

Na taɓa wa Edita maganar, ya ce ba lamba, ba labari. Ban ga laifinsa ba. Na rubuta sharhin sabuwar, ya fito ranar Talata, na san za ka gani. Kyamararta tana da kyau ƙwarai, wannan ba zan fasa faɗa ba.

In wayoyin sun daina zuwa, ka sanar da ni in rufe maganar, aiki ya yi mini yawa.

Ƙanwarka

Laraba, 2 ga Afrilu

Ƙanwata,

Sallama. Mu a gida lafiya. Uwar Zare ce ba lafiya, tana asibiti.

Takardata ta 13 ga Maris ba ta bar garin nan ba. Motar Dogo ta lalace, ta yi kwana goma sha tara a gareji, ambulan yana cikin aljihun motar, shi kuma duk sanda na tambaya sai ya ce ai ya ba wani ya kai. Jiya na je da kaina na ɗauko. Ga ta nan haɗe da wannan, ki fara karanta ta.

Shekaranjiya da rana Uwar Zare ta sa wayarta caji a kan yadudduka da ke ninke a kantar bayanta, tana yanka. Ta ji ƙauri, ta waiga, hayaƙi na tashi. Kayan mutane ne cike da kantar, sai ta sa hannu ta cafko wayar da yadin da ke ƙarƙashinta za ta jefa waje. Kafin ta kai ƙofa batirin ya fashe a hannunta na dama. Ihunta na ji na fito da gudu. Mun kashe wutar, shagon bai ƙone ba, yadi huɗu kawai. Tafin hannun da yatsu uku ne suka ƙone, likita ya ce ba zai ce komai a kansu ba sai an kwance bandejin.

A motar da muka kai ta, tana riƙe da hannun, ta dube ni ta ce, "Mai gyara, ba kai ka duba mini ita ba?" Na yi ta ce wa direba ya yi sauri.

Na karanta sharhinki na sabuwar wayar. Tallarsu a sama, yabonki a ƙasa, minti ashirin da takwas har sau uku. Sai na koma na sake karanta layin da kika ce in riƙe maganar kada ta fita. Ina jin haushinki, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki gaya mini tsakani da Allah, don tallar nan kika sa ni shiru?

Haushin kaina ma nake ji, ya fi naki. Ƙato da ni, shekara arba'in da biyar, batir goma sha bakwai a bokiti, an ce yi shiru na yi shiru, don kawai wadda ta faɗa ta yi karatu. Na mayar da kwalin, na ƙara wani a bakin layi, kuma ban nemi izinin kowa ba. Yau sun kai ashirin da shida.

Yayanki

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yaya,

Na amsa sallama. Takardun biyu sun iso ranar Juma'a. Na karanta ta farko a tsaye, da na zo wajen kwalin da ka sauke sai na nemi wuri na zauna. Allah ya ba Uwar Zare lafiya.

Ba don talla ba ne, kuma wallahi ban taɓa nufin ka ɓoye wa masu wayar ba. Amma kada ka yi saurin wanke ni, don abin da nake nufi bai fi abin da ka zarge ni da shi kyau ba. Tsoro na ji kada wani ya ɗauki hoton kwalinka ya sa a intanet, wani shafin ya riga ni. A aikinmu wanda ya fara bugawa shi ke da labari, na biyu ba a ko tuna sunansa. Na so ya zama nawa. Abokan aikina nake hange lokacin da na rubuta layin nan, mutanen layinku ko zuwa raina ba su yi ba.

Na kai wa Edita jerinka, na ce yanzu sun kai ashirin da shida. Ya duba ya ce, "Ashirin da shida a shago ɗaya, cikin miliyan nawa?" Na ce mace ta ƙone. Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. A tura wa kamfani tambaya, a ba su mako biyu. Kafin nan ki rubuta cewa wasu na ƙorafin ɗumi." Na ce ɗumi? Ya ce, "Mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a ofis ɗin nan." Ba ƙarya ya yi ba, amma mako biyun nan na riga na ga abin da irinsa ya yi.

Na wuni ina kiran masu gyara a wasu garuruwa. Shago tara, batir sittin da ɗaya, duk bayan sabuntawar Janairu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Sai yanzu kuka tuna da mu?" Jiya da safe na buga a shafina na kaina, da sunana. Na fara da cewa ni na yaba wayar nan, kwana goma kacal na riƙe ta, kuma duk mai ita ya shiga saitin batir ya kashe cajin sauri yau, kada ya bar ta a caji ba ya wurin. Na sa jerinka da hotunanka yadda suke.

Kafin azahar Edita ya kira ya ce in kawo katin shiga ofis da makullin durowar wayoyin gwaji gobe Litinin. Ban yi gardama ba. Kada ka gaya wa Baba, ni zan kira shi.

Ka rubuto mini halin da hannun ke ciki, kuma ka ba wani direban.

Ƙanwarka

Litinin, 14 ga Afrilu

Ƙanwata,

Gaisuwa. Inna lafiya, ta ce aiki ba ya ƙarewa a duniya, ki ci abinci. Ni ma na ji ba daɗi da aikin naki, kuma na huce.

Rubutunki ya yi aiki. Kwana uku shagona kamar asibiti, kowa da Kwana-Biyu a hannu yana cewa a kashe masa cajin sauri. Maƙwabcina mai sayarwa da kansa ya tsaya yana taya ni latsawa, bai ƙara maganar wa'azi ba. Shafuka da yawa sun ɗauka, wasu ko sunanki ba su sa ba. Ranar Alhamis kamfanin ya turo wata sabuntawar, ya ce don inganta lafiyar batir ne. Na auna, cajin ya koma yadda yake a da. Ba su ce sun yi kuskure ba, ban kuma sa ran za su ce ba.

An kwance hannun Uwar Zare. Fata tana rufewa, amma babban yatsa da manuni sun ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce a ba su wata uku a gani, bai yi alkawari ba. Jiya na je gidanta na tarar ta sa an miƙo mata allura. Sau uku tana ɗauka tana faɗuwa, a na huɗu ta ce a ɗauke.

Na gaya mata komai. Na ce ranar da ta kawo wayar na san ciwon, na yi shiru, na kuma faɗa mata dalili. Na karanta mata rubutunki daga farko har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ta iya rubutu. Amma ka tambayar mini ita abu ɗaya. Ranar da ta ce ka yi shiru, ta san abin nan yana kamawa da wuta, ko kumburi kawai ta zata?" Na ce ban sani ba, zan tambaya.

To ga tambayar, yadda ta faɗa na rubuta.

Yayanki

Alhamis, 17 ga Afrilu

Yaya,

Na amsa gaisuwa, ina lafiya. Ka gaida Inna.

Na sani. Shekara biyu da suka wuce na rubuta shafi guda a kan batirin da ya kumbura, na yi bayanin yadda yake kamawa da wuta, har da hoton wata kujera da ta ƙone. Ranar da na ce ka riƙe maganar, na san wannan sarai.

Ba a takarda ya kamata ta ji wannan ba. Ina motar safe ranar Asabar. Ka tambaye ta ko za ta yarda in shiga, in ta ƙi zan faɗa mata daga bakin ƙofa.

Ƙanwarka